Mai Ɗaki Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Yadda Malaman Ƙananan Yara Za Su Auna Shirinsu da Kansu

Duk wanda ya taɓa koyar da ƙananan yara ya san ranar zuwan masu duba makarantu. Tun ana saura kwana uku ake share aji, a manna sababbin hotuna a bango, a fito da kayan wasan da aka kulle a kabad don kada su lalace. Baƙo ya zo da fom ɗinsa, ya zauna a kujerar da ta yi masa ƙanƙanta, ya yi awa biyu, ya tafi. Bayan wata da watanni rahoto ya iso, shugabar makaranta ta karanta ta sa a durowa. An auna makaranta ke nan. Amma yarinyar da ba ta magana har yanzu bakinta a rufe yake, turereniyar da ake yi wajen wanke hannu kuma tana nan daram.

Ba raina idon baƙo nake yi ba, domin yakan hango abin da sabo ya rufe mana ido a kai. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi zai kwana a ciki in ruwa ya sauko. Malamar da ke tare da yaran nan kullum ita ce ta fi kowa sanin tambayar da ya kamata a yi, kuma ita kaɗai ce za ta iya sauya abin da ake yi a aji ranar Litinin da safe. Abin da yawanci ba ta da shi shi ne hanya, wato yadda za ta mayar da "ina jin kamar" ta zama "na ƙirga na gani".

Me ake aunawa?

Abu uku ake yawan cakuɗawa. Akwai auna yaro, a ga inda ya kai a magana ko ƙirga ko riƙe fensir. Akwai auna malama, wanda aikin shugabanni ne, kuma da shi ake ƙarin girma ko jan kunne. Sai auna shiri: jadawalin yini, yadda aka tsara aji, kayan wasa da wanda ke samun taɓa su, irin maganar da manya ke yi da yara, da yadda ake hulɗa da iyaye. Na ukun nan ne maganarmu. Za a kalli yara, za a kalli malamai, amma abin da ke kan sikeli shi ne tsarin da suke ciki.

Tun a 1967 wani masanin awon ayyuka, Michael Scriven, ya raba awo gida biyu: wanda ake yi ana cikin tafiya don a gyara, da wanda ake yi bayan an gama don a yanke hukunci. Awon da malamai ke jagoranta na gyara ne. In kuka manta da wannan, komai zai lalace tun ba a je ko'ina ba.

Mataki na ɗaya: a ƙulla yarjejeniya

Kafin a ɗauki biro, a zauna da shugabar makaranta a cimma abu uku, kuma a rubuta su. Na farko, abin da aka gani a wannan aiki ba zai shiga fayil ɗin kowa ba, ba za a yi amfani da shi wajen albashi ko sallama ba. Na biyu, za a ware lokaci a cikin lokacin aiki, ko da minti 45 ne duk mako biyu, kuma a samu mai riƙe aji yayin da wata ta je kallon ajin wata. Na uku, shugaba za ta saurari sakamako ko da ya taɓo abin da ita ta tsara, kamar jadawali.

Na farkon shi ne ginshiƙi. Donald Campbell, masanin binciken zamantakewa a Amurka, ya yi gargaɗi a shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa hukunci mai nauyi, mutane za su koma bauta wa ma'aunin su bar aikin. Kowace malama ta san haka ba sai an gaya mata ba. In ta san alƙaluman nan za su iya cin ta, za ta yi aikin ganin ido, kuma ba laifinta ba ne.

Masu jagoranci su zama mutum biyu ko uku, kuma lallai a sa mataimakiyar aji a ciki. Ita ce ke raka yara bayi, ita ke tsaye a filin wasa, ita ke jin abin da yara ke faɗa in sun ɗauka babu babba a kusa. Shugaba ta zama mai share hanya, kada ta zauna a kujerar gaba, don in tana wurin kowa bakinsa zai mutu.

Mataki na biyu: tambaya ɗaya tak

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, shi ya sa zan ɗan daɗe. Taura biyu ba ta taunuwa, amma malamai in suka zauna sukan so su auna komai a zango guda: karatu, tarbiyya, tsafta, filin wasa, zuwan iyaye taro. Sai a tara takardu himili guda, a rasa wanda zai karanta.

Ku ba kowa 'yar takarda ta rubuta abu ɗaya da ke damun ta a aji, wanda take tunawa da shi bayan an tashi. Kada a sa suna. A karanta su duka, a ware waɗanda ba a hannunku suke ba, kamar yawan yara a aji ko ginin da ya yi kaɗan. Waɗannan a ajiye su a miƙa wa masu iko, amma ba su ne tambayar zangon nan ba. Daga cikin saura a zaɓi ɗaya.

Sannan a fere ta. "Shirinmu yana da kyau kuwa?" ba tambaya ba ce, don ba abin da za ku gani da ido da zai amsa ta. "Muna bunƙasa harshen yara?" ta ɗan matso, amma har yanzu hazo ce. Ga wadda za a iya kamawa: "A cikin yini, waɗanne yara ne babba ke yin hira da su, waɗanne ne kuma umarni kawai suke ji daga bakinmu?" Wannan ana iya ƙirga ta, amsarta na iya ba ku mamaki, kuma gyaranta a hannunku yake. Duk tambayar da kuka riga kuka san amsarta, ko wadda amsarta ba za ta sa ku sauya komai ba, ku jefar da ita.

Da wannan tambayar ta hira zan ci gaba da misali, kuma da dalili. A Ingila an fara wani babban bincike a 1997 mai suna EPPE, aka bi yara wajen 3,000 tun suna shekara uku. Daga cikin abin da ya fito shi ne, makarantun da yara suka fi ci gaba su ne inda babba da yaro ke zama su warware wata matsala tare, magana tana kai-komo, kowa na ƙara wani abu. Da masu binciken suka ƙirga tambayoyin da manya ke yi wa yara a makarantun da suka zurfafa nazari a kai, kuma masu kyau ne, sai suka tarar kusan 5 cikin 100 ne kawai buɗaɗɗu, wato waɗanda yaro zai yi tunani ya amsa da nasa kalmomin. Saura duk irin su "wace kala ce wannan?" ne. In haka abin yake a makarantu masu kyau, bai kamata kowa ta ɗauka nata ajin ya tsira ba.

Mataki na uku: a fayyace kamannin abin kafin a fara kallo

Mene ne hira? In ba ku amsa wannan tare ba, kowa za ta ƙirga abin da ta ga dama. Ku yanke, misali, cewa hira ita ce magana ta je ta dawo aƙalla sau uku tsakanin babba da yaro ɗaya a kan abu guda, kuma yaron ya kawo wani abu nasa. "Zauna." "To." Wannan umarni ne. "Wace kala ce?" "Ja." "Madalla." Wannan rufaffiyar tambaya ce. "Me ya sa ya faɗi?" "Na sama ya fi girma." "To ya za mu yi?" "A sa shi a ƙasa." Wannan ita ce hira. Yaron da bai iya magana sosai ba, nuni da hannu ko ɗaga kai su ma amsa ce, a ƙirga su.

Ba sai kun ƙirƙiro komai daga tushe ba, akwai ma'aunai da aka daɗe ana aiki da su. ECERS, wanda Thelma Harms da Richard Clifford suka fitar a 1980 a Amurka, yana duba aji gaba ɗaya, daga sarari da kayan aiki zuwa tsafta da harshe da mu'amala, yana ba da maki daga 1 zuwa 7. Bugunsa na uku abubuwa 35 yake dubawa cikin kallon awa uku. CLASS, na Robert Pianta da abokan aikinsa a Jami'ar Virginia, bai damu da kaya ba, mu'amala yake kallo: kulawa da zuciyar yaro, tafiyar da aji, da taimaka wa tunani. Ana kallo minti 20, a ba da maki a minti 10, a sake. Kusan duk inda aka gwada shi, ɓangaren taimaka wa tunani ne ke zuwa ƙarshe a maki. Akwai kuma ma'aunin Leuven na Ferre Laevers daga Beljiyam, wanda ni na fi so wa masu farawa saboda sauƙinsa: a kalli yaro ɗaya kamar minti biyu, a ba shi maki daga 1 zuwa 5 a kan abu biyu, natsuwar ransa da yadda ya nutse cikin abin da yake yi.

Amma a yi hattara. ECERS da CLASS sai da horo ake ba da makinsu yadda ya kamata, kuma an tsara su ne a wata ƙasa da irin azuzuwanta. In ba ku da horon, ku karanta su don su buɗe muku ido, ku ari abin da ya dace da tambayarku, kada ku fito kuna shelar cewa ajinku ya ci maki 6.

Mataki na huɗu: kallo da rubutu

Takardar ƙirga ta zama shafi ɗaya. A gefen hagu jerin yara, amma da lamba maimakon suna: Y1, Y2, har ƙarshe. Takardar da ke nuna wane ne wane a kulle ta daban. A sama layi uku: umarni, rufaffiyar tambaya, hira. Mai kallo ta zauna a gefe, a ƙasa daidai tsayin yara, duk lokacin da babba ta yi wa wani yaro magana shi kaɗai sai ta ja ɗan layi a gurbinsa. Minti 20 ya isa, fiye da haka hankali kan gaji.

Ku rarraba lokutan. Kallo ɗaya da safe lokacin shigowa, ɗaya lokacin wasan zaɓi, ɗaya a waje, ɗaya dab da tashi, a ranaku daban-daban cikin mako biyu. Kallo shida zuwa takwas a kowane aji zai nuna muku hoton da za a iya dogara da shi. In kullum lokacin labari ake zuwa, kullum kyakkyawar fuskar ajin za a gani. Kallon farko kuwa ku ɗauke shi share fage: malamar aji za ta takura, ta yi ta zuba hira fiye da yadda ta saba, yara su yi ta zuwa suna leƙa takardar baƙuwa. A karo na uku kowa ya manta da ita.

Malamai su yi musanya, ki kalli ajina in kalli naki. Wadda ta san gobe ita za a kalla ba ta yin rubutun cin fuska.

Bayan ƙirga, a bar sarari a ƙasan shafi don rubuta abu ɗaya ko biyu da aka gani, kuma a nan ake gane wadda ta iya kallo. Dubi bambancin waɗannan biyun. Wata ta rubuta: "Y7 tana da kunya, ba ta son magana." Wata kuma ta rubuta: "9:42, wurin tubalan wasa. Y7 ta jera biyar, na shida ya rushe su. Ta sake, ta sa faffaɗan a ƙasa, ya tsaya. Ta ɗago ta dubi Malama. Malama tana ɗaure wa Y3 takalmi. Y7 ta ci gaba da kallon ta, sannan ta sunkuyar da kai. 9:44 aka ce a tattara kaya." Rubutun farko hukunci ne, ya rufe magana, ya ɗora abin a kan halin yarinya. Na biyu ya nuna yarinyar da ta gano wani abu da kanta, ta nemi wanda za ta nuna wa, ba ta samu ba. Ka'idar ita ce a rubuta abin da kyamara za ta ɗauka: lokaci, wuri, abin da aka yi, abin da aka faɗa kalma da kalma. Fassara sai an zo zama.

Wani abin da ya cancanci a lura da shi shi ne tsawon shirun da malama ke yi bayan ta yi tambaya. Mary Budd Rowe, masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta auna wannan a azuzuwan kimiyya na firamare a farkon shekarun 1970, ta tarar malamai daƙiƙa ɗaya suke jira ko ƙasa da haka kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani yaro. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa cewa komai suka fara sa baki. Ɗan shekara uku ya fi ɗan firamare buƙatar wannan jiran.

Kafin a fara ƙirgar gaske, mutum biyu su kalli aji ɗaya a lokaci ɗaya, kowa da takardarta, ba leƙe. Sannan a gwama. In ɗaya ta ƙirga hira tara ɗaya ta ƙirga uku, ba wadda ta yi ƙarya, ma'anar hirar ce ba ta zauna ba. A koma mataki na uku, a yi gardamar a gama, a sake gwadawa har su kusanci juna. Mutane kan tsallake wannan don gaggawa, daga baya a yi ta musu a kan alƙaluman da ba abu ɗaya suke nufi ba.

Mataki na biyar: a ji ta bakin yara da iyaye

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 12, ta ce yaro na da haƙƙin a ji ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, kuma ba ta yanke shekarun farawa ba. Matsalar ita ce in ka tambayi ɗan shekara huɗu ko yana son makaranta, zai duba fuskarka ya ba ka amsar da kake so. Alison Clark da Peter Moss, masu bincike kan ƙananan yara a Landan, sun fito da wata hanya a 2001: a ba yaro kyamara ya ɗauki abin da ya fi muhimmanci a wurinsa, ya zagaya da babba yana nuna masa makarantar kamar baƙo ne, ya zana taswirar wurin, sannan a haɗa waɗannan gutsattsarin a ga hoton da suka bayar. Ko ba kyamara ana iya yin zagayen. Ki ce, "Zo ka nuna mini inda kake zama in kana son ka yi magana da wani." "In ka gina abu mai kyau, wa kake nuna wa?" Ki rubuta amsar yadda ta fito. In yaro ya juya baya ko ya ce wasa zai yi, ya ƙi ke nan, a ƙyale shi.

Iyaye kuma kada a tura musu fom mai shafi uku, waɗanda suka riga suka gamsu ne kawai za su cike. Tambaya biyu a bakin ƙofa sun fi amfani: "Mama, in ya dawo gida me yake ba ku labari a kai?" "Wa yake ambata a cikin manyan makaranta?" A nemi musamman iyayen da ba sa zuwa taro da waɗanda harshen gidansu ba shi ne na makaranta ba. A gaya wa iyaye tun farko abin da ake yi da dalilinsa, a nemi izininsu kafin ɗaukar hoto ko murya, kuma hotunan yara kada su kwana a wayar kowa.

Mataki na shida: zaman duba abin da aka tara

A baje takardu a tebur, a tara layukan kowane yaro. Mu ɗauka aji ne mai yara 24, an yi kallo takwas. Za ku iya tarar da cewa yara biyar sun kwashe fiye da rabin hirar, bakwai kuma ba a yi hira da su ko sau ɗaya ba. A irin wannan lokacin ɗaki kan yi tsit, wata ta fara kare kanta, wata ta fara neman mai laifi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Shi ya sa zaman yake buƙatar tsari, kuma mai jagoranta ta riƙe shi da ƙarfi.

Zagayen farko, kowa ta faɗi abin da ta gani a takarda kawai, ba "saboda" a ciki. Zagaye na biyu, me ya ba ki mamaki? Sai a na uku a shiga dalilai, kuma kowane abu a kawo masa dalili aƙalla biyu kafin a amince da ɗaya. Malamar da ajinta ne ita za ta fara magana a kansa.

Yanzu a buɗe takardar sunaye a ga su wane ne bakwai ɗin nan. Sau da yawa ba masu rigima ba ne, domin mai rigima yana samun magana, ko da ta tsawa ce. Masu shiru ne da ba sa ba kowa wahala, ko ƙananan ajin, ko masu wani harshe a gida, ko masu zuwa a makare. A raba alƙaluman ta maza da mata, ta shekaru, ta lokacin yini. A nan za ku iya gano cewa hira kusan duk a lokacin wasan zaɓi take faruwa, kuma lokacin nan minti 25 ne kacal, alhali jerin gwano, jiran wanke hannu, tattara kaya da jiran kowa ya yi shiru sun cinye fiye da awa guda. Ashe malama ba ƙin hira take ba, jadawali ne ya mayar da ita mai ba da hannu a titi. Ruwa ba ya tsami banza. Tambayar da ta fara a kan bakin malama ta ƙare a kan takardar da ke manne a bayan ƙofa.

Akwai ramuka guda biyu da za a kauce wa. Na farko, ƙananan yara girma suke yi ko da shiri ko babu. In kuka gwada kalmomin yaro a farkon shekara da ƙarshenta dole ku ga ƙari, kuma ba za ku iya cewa ku kuka jawo shi ba. A aji ɗaya ma, tsakanin mai shekara huɗu cif da mai huɗu da wata goma sha ɗaya akwai kusan kashi ɗaya cikin biyar na rayuwar babban. Binciken Perry, kan wani shirin makarantar ƙananan yara, da aka yi a garin Ypsilanti na jihar Michigan daga 1962 zuwa 1967 ya iya cewa shirin ne ya yi tasiri saboda an raba yara 123 gida biyu, 58 suka shiga 65 ba su shiga ba, aka bi su har suka haura shekara 40. Abin lura ma, fifikon da 'yan shirin suka samu a gwajin basira ya dushe bayan 'yan shekaru a firamare, sai daga baya aka ga bambanci a kammala sakandare da samun abin yi da ƙarancin shiga hannun 'yan sanda. Ku ba ku da rukunin gwamawa, ba ku da shekara arba'in. Don haka ku auna abin da ke kusa da hannunku, wato abin da manya ke yi da abin da yara ke samu a yau, ku bar da'awar da ta fi ƙarfin shaidarku.

Na biyu, adadin kaɗan ne. A aji mai yara 20, yaro ɗaya kashi 5 cikin 100 ne, in biyu suka yi zazzaɓi mako guda alƙaluma sun karkace. Ku riƙa cewa "yara bakwai cikin 24", ya fi gaskiya kuma ya fi taɓa zuciya, don kowa ta san fuskokinsu.

Mataki na bakwai: a sauya abu ɗaya, a sake aunawa

Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana wannan zagayen tun 1946: a tsara, a aikata, a duba sakamako, a sake tsarawa. Awon da bai kai ga aikatawa ba ɓata takarda ne. Ku zaɓi sauyi ɗaya, ko biyu in suna tafiya tare, ƙanana waɗanda za a iya farawa mako mai zuwa ba tare da jiran kuɗi ba. A misalinmu, a daina jera yara duka wajen wanke hannu, a riƙa tura su huɗu-huɗu saura na ci gaba da wasa, mintocin da aka samu a ƙara wa wasan zaɓi. Sannan kowace babba ta riƙe sunan yara biyu a ranta kowace safiya, cikin waɗancan bakwai, ta tabbatar ta tsuguna kusa da su ta bi abin da suke yi, ta yi tambaya, ta ƙirga uku a zuci kafin ta ƙara cewa komai.

A rubuta wa zai yi me, daga yaushe, da ranar da za a sake kallo. Mako shida ya isa. A yi amfani da takarda iri ɗaya, lokuta iri ɗaya, masu kallo iri ɗaya, in ba haka ba ba gwamawa za a yi ba.

In alƙaluma ba su motsa ba, kada a yi saurin cewa dabarar ba ta aiki. A fara tambaya, an yi ta kuwa? Sau da yawa mako biyu aka yi ana bi, mataimakiya ta yi rashin lafiya, aka koma gidan jiya. In kuwa an yi ta sosai kuma ba ta yi ba, wannan ma sani ne, a koma kan dalili na biyu da aka ajiye a zaman baya. A kuma duba ko gyaran ya haifar da wata ɓarna, kamar hannaye sun daina wankuwa da kyau tunda babu mai tsayawa a kai.

Rahoto

Shafi ɗaya: tambayarmu, yadda muka duba, abin da muka gani, abin da muka sauya, abin da ya biyo baya, da abin da muke nema daga shugabanni. Babu sunan yaro, babu sunan malama. Malaman da suka yi aikin su za su gabatar da shi da bakinsu, ga shugaba da hukumar makaranta, sannan ga iyaye da harshe mai sauƙi, har da abin da bai yi daɗin ji ba. Iyayen da aka tare a bakin ƙofa aka yi musu tambaya suna da haƙƙin su ji inda maganarsu ta kwana.

A nan ne kuma waɗancan takardun da aka ware tun farko, na yawan yara da ƙarancin sarari, za su dawo. "Aji ya cika" kuka ne da shugabanni suka saba ji. "A kallo takwas, yara bakwai cikin 24 ba su samu hira da babba ba, mun gyara jadawali sun koma uku, ukun nan sai da ƙarin hannu a lokacin wasan zaɓi" magana ce da ke da wuyar turewa. Ku ajiye takardun ƙirga da rahoton a fayil ɗaya da kwanan wata, saboda malamar da za ta zo baɗi, da kuma mai duba makarantu in ya dawo da fom ɗinsa. Sauran 'yan takardun damuwar da ba a zaɓa ba su ma a sa su a ciki, daga cikinsu za a ciro tambayar zango mai zuwa.